Faifan da Auta Ya Aiko

Ni na fara shigo da kwamfuta gidanmu a Lafia, kuma har yau ban san ko abin alfahari ba ne. A lokacin ina aikin buga takardu a ɗaya daga cikin ofisoshin da suka tsiro a garin bayan an ba mu jiha. Da rana in buga na gwamnati, da yamma in buga na ɗaliban makarantar noma ta Shabu, waɗanda ke zuwa a kan babur da rubutunsu kamar kaza ta yi tono. Saboda su na sayi wata tsohuwar kwamfuta ta hannu. A da fara ce, amma kafin ta zo hannuna ta koma kalar haƙorin mai cin goro. Na ajiye ta a ɗakin da ke kusa da zaure, Mama ta ɗinka mata mayafi da ragowar atamfa. Baba kuwa talabijin ɗin Babba yake ce mata. Ni ce 'yar fari, don haka bai taɓa kama sunana ba, Babba yake kira na.

Autanmu ya kai shekara uku a Libiya a wannan lokacin. Kafin ya tafi haya yake yi da babur tsakanin gari da Shabu, kuma wannan sana'ar ce ta fara haɗa shi da Baba. A tashar babur ɗin akwai samarin da suka koyi shan maganin tari ba don tari ba. Ana gane su tun daga nesa, ido a kwance, magana tana ja kamar an ɗaure mata dutse. Ɗan maƙwabcinmu ma haka ya lalace, kullum sai ya zo ƙofar zaure ya gaida Baba da wannan muryar, har Baba ya haddace ta. Ba wanda ya taɓa kama Auta da kwalba. Amma Baba ya sha faɗa masa cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma ina jin da Auta ya ce zai bi masu tafiya aikin gini, rabin dalilin da ya sa Baba ya yarda shi ne a raba shi da tashar.

Shi kuwa Auta, in akwai abin da aka san shi da shi, saurin baki ne. Kafin ka amsa gaisuwa ya ba ka labari biyu ya tambaye ka na uku. Mama takan ce masa, “Kai dai haɗiye yawu mana, maganar ba guduwa za ta yi ba.”

A waɗancan shekarun, wanda ke nesa kaset yake aikowa. Sai ya zauna gaban rediyo ya gaida kowa da kowa, ya faɗi abin da zai faɗa, ya ba matafiyi. Mu ma mu taru mu saurara, mu ɗauki amsa a wani kaset ɗin mu mayar. Wayar hannu ta fara shigowa gari, amma shi ba shi da lamba, mu ma ba mu da ita. To Auta da son sabon abu, da ya ji labarin na sayi kwamfuta, sai ya ce shi ya wuce kaset. Ɗan maigidansa yana da kwamfuta, a nan ya ɗauki maganarsa aka zuba masa a faifai. Wani mutumin Adogi da ya zo ganin gida ne ya kawo mana, a naɗe cikin safa, ya ce zai koma bayan 'yan makonni in muna da amsa.

Ranar an kawo wuta da hantsi. Mama ta bar wanke-wanke ta zo da ruwa a hannunta, Baba ya shigo ɗakin da bai saba shiga ba ya zauna a kujerar ɗalibai. Na yaye mayafin, na sa faifan, na danna, ina jin kaina kamar wata babbar ma'aikaciya.

Muryar da ta fito ta Auta ce, ba shakka, amma ta yi kauri, ta yi nauyi. Sallamar kaɗai ta ɗauki lokacin da a da zai gama gaisuwa ya shiga labari. “Baaba, ina gaisuwa. Maama, ina gaisuwa.” Kowace kalma sai ta jingina da ta gabanta kafin ta faɗi. Da ya yi dariya, dariyar ta fito a sanyaye, mara daɗin ji. Na ga hannun Mama ya tsaya a kan zanenta. Ya yi maganar aiki, ya tambayi gonar doyar Baba ta Kwandere, sannan can wajen ƙarshe ya ce, a cikin wannan muryar dai, “Baba, na riƙe abin da ka gaya min. Wallahi ko sigari ban taɓa ba.”

Baba ya tashi tsaye. Ya ce, “Ya sha ya yi tatul, sannan ya zo yana min rantsuwa da Allah.” Ya fita, ya bar takalminsa a bakin ƙofa.

Na bi shi zaure na ce, “Baba, ina jin na'urar ce.”

“To sa min karatun nan da kike sa wa uwarki.”

Akwai wani faifan karatun Alƙur'ani da nake sa wa Mama in tana tsintar shinkafa. Na sa shi. Ya fito daidai, tsaf, yadda muka saba ji. Baba yana daga zaure ya ɗaga murya ya ce, “Na'urar tana zaɓen wanda za ta yi wa sharri ne?” Gaskiya ni ma a ranar na fara shakka, domin na san muryar ɗan maƙwabcinmu kamar yadda Baba ya san ta.

Washegari Baba ya aika aka kira mutumin Adogi ya tambaye shi. Bawan Allah ya ce shi ba gari ɗaya suke ba, sau ɗaya ya ga yaron, ranar da ya kawo faifan tashar mota, kuma ya ga ya rame. Wa ke ɗaukar bulo cikin rana shekara uku ya yi ƙiba? Amma a kunnen Baba ramar ta zama shaida ta biyu. Ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ya kuma kafa doka: faifan nan kada ya fita gidan, kada kunnen bare ya ji shi. Ba za a kai asirinsa kasuwa ba.

Dokar nan ce ta ɗaure min hannu. Da sai in ɗauki faifan in kai wani shagon buga takardu in gwada a wata kwamfutar, a yini ɗaya a gama magana. Na ofis ɗinmu ba su da sifika, sai ta ɗakin shugaba, ita kuwa ko gogewa ba a ba ni in yi ba. Na roƙi Baba ya ƙi. Faifan ma a aljihun rigarsa yake kwana, sai in zan gwada ya miƙo min, ya zauna a zaure yana gadi.

Na fara da abin da kowa ke zargi a Lafia in wani abu ya ƙi aiki, wato wuta. Wutarmu takan zo ba ƙarfi, ƙwai ya yi ja kamar garwashi, fanka tana juyawa da ƙyar. Na ce ƙila muryar ma haka take juyawa. Na aro janareta wurin mai shagon kusa da mu, muka cika gida da hayaƙi, Auta ya fito yana jan magana yadda ya saba. Na canza sifika, na aro na wata ƙawata. Na goge faifan da auduga, na hura masa iska, na kwashe maganar daga faifan na zuba a cikin kwamfutar kanta. Na share takardun ɗalibai da suka taru, wai ko nauyi ne ya yi mata yawa. Duk wanda ya ce min ga abin da ake yi, sai na yi. Na ji saƙon nan har na haddace shi, har in ina tafiya ofis sai in ji ƙafafuna suna bin jan muryar.

Da na gaji na ɗauko mai gyara. Wani dattijo ne ɗan ƙabilar Eggon mai shago a bakin kasuwa, da rediyo ya fara, ya koma talabijin, zamani ya tura shi kwamfuta. Ga mai gyara ga na'ura, amma ba halin in sa masa abin da ya lalace. Sai kwatance nake yi masa kamar mai kai ƙarar aljani.

Ya ce, “Madam, sa min abin in ji mana.”

Na ce, “Ba zai yiwu ba, maganar gida ce.”

“To ni yaya zan yi? Likita zai ba magani bai ga mara lafiya ba?”

Ya sa faifan karatu, ya fito daidai. Ya buɗe cikinta ya hure ƙura. Sannan ya ciro wata 'yar makirfo daga jakarsa ya ce in yi magana a ɗauka. Na yi sallama, na ƙirga ɗaya zuwa goma, ya mayar min. Muryata ce sak, ba ja ba kauri. Ya tattara kayansa ya ce, “Madam, wannan kwamfuta lafiyansa ƙalau. Wahala no de, babu matsala. Wanda ya yi maganan ne za ki tambaya, abi?” Baba yana zaure, kuma zauren da ɗakin bango ɗaya ne.

Ban haƙura ba. Da na daina sauraron maganar na koma sauraron abin da ke bayanta, sai na ji zakara. Can wajen da Auta ke tambayar gona, wani zakara ya yi cara a bayansa, cara mai kauri, doguwa, kamar ɗan maraƙi na kuka. Na ruga zaure na jawo Baba, na maimaita masa wurin.

Na ce, “Baba, shi ma zakaran maganin tarin ya sha?”

Ban taɓa yi wa Baba magana da wannan sigar ba, kuma na ga ta shige shi. Amma Baba mutum ne da in ya hau dokin magana ba ya sauka a gaban yara. Ya ce, “Kin taɓa zuwa ƙasar? Kin san yadda zakarunsu ke cara?” Mama daga tsakar gida ta ce, “Malam, ji fa kawai muka yi, ba mu gani ba. Ka bari yarinyar nan ta gama.” Ya ce ya ji.

Ni a lissafina ina da sauran lokaci har ranar da mutumin Adogi zai tashi. Ban san Baba ya riga ya gama nasa lissafin ba. Wata safiya bayan na tafi aiki, Mama ta tafi gidan suna, ya rufe ƙofar zaure ya sa sabon kaset a rediyonsa. Da ya gama ya hau babur har Adogi ya danƙa wa mutumin hannu da hannu. Sai da mutumin ya bar ƙasar sannan ya faɗa mana, muna cin tuwo, kamar yana faɗin farashin doya. Mama ta tambaye shi me ya ce a ciki. Ya ce bai tsine masa ba, saboda ita. Ya dai gaya masa cewa tunda wannan rayuwar ya zaɓa, kada ya sake tako masa ƙofar gida, ko an ce masa ya mutu kada ya zo. Mama ta cire hannunta daga kwanon ta tashi. Ni kuma na ji haushin Baba a ranar irin wanda ban taɓa ji ba, na kuma ji tausayinsa, domin tuwon da ke gabansa shi ma bai ci ba.

Bayan haka ba wanda ya ƙara ce min in gwada, ni ce dai na kasa bari. Wata rana ina kallon allon sai na lura da abin da ya daɗe a gabana. In na sa faifan karatu, da kansa yake tashi. Na Auta kuwa sai na buɗe shi kamar yadda nake buɗe takarda, in nemi fayil ɗin in danna. Ashe ba iri ɗaya ba ne. Na shiga tambayar ɗaliban da ke kawo min aiki ko akwai mai wata murya irin wadda ake buɗewa kamar takarda. Wata ɗaliba ta kawo min faifan wa'azi da yayanta ya kwafo mata a Jos. Da na duba sai na ga malamin da Baba ya fi so ne, wanda kaset ɗinsa ya cika kwali a zaure, mutum mai zafin harshe da ba ya jiran numfashi.

Na sa shi, na ƙure sifika, ban kira kowa ba. Malam ya fito yana jan bisimilla, murya ta yi kauri, kalmomi suna jingina da juna. Ban kai ga juyawa ba na ga inuwar Baba a bakin ƙofa. Ya tsaya yana saurare, carbi a hannunsa ya daina motsi. Wannan karon bai ce min komai game da zakarun wata ƙasa ba.

Yanzu da na sami abin da zan iya sa wa bare, na sake ɗauko mai gyara na sa masa. Yana ji ya dafe kai. Ya ce wanda ya sayar min da kwamfutar ya sa mata direban sauti da ba nata ba, wato ɗan abin da ke gaya mata saurin da za ta riƙa fitar da murya. Faifan karatu ba ya bi ta nan, yana da tasa wayar da ke zuwa sifika kai tsaye, shi ya sa yake fita daidai. Muryata kuma da muka ɗauka, da mudun da ta auna da shi ta mayar, dole ya cika. Abin da aka ɗauka a wata na'urar ne kawai take ja. Ya yi ta ba ni haƙuri, na ce ba laifinsa, mu muka ɓoye masa mara lafiyar. Sai da ya aika Makurɗi aka samo masa direban da ya dace. Ranar da ya zo ya sa, ko kofin ruwan da na kawo masa bai gama sha ba malam ya dawo da zafin harshensa.

Na sallami mai gyara, na je zaure na durƙusa na ce, “Baba, a ba ni faifan.” Ya ciro shi daga aljihu. Ya biyo ni, Mama ma ta zo, muka zauna yadda muka zauna ranar farko.

Auta ya faɗo ɗakin da gudu. Sallama da gaisuwar Baba da ta Mama duk a numfashi ɗaya. Ya tsokane ni, wai ya ji na zama injiniya, in taimaka kada in ƙona gida. Wannan maganar na ji ta sau ba adadi, ban taɓa gane wasa ba ce sai ranar. Dariyarsa ta fito irin tasa, mai tsalle. Zakaran ya yi cara irin ta kowane zakara. Da ya zo wurin “wallahi ko sigari ban taɓa ba”, sai muka ji yaro ne kawai yake faɗa wa ubansa abin da yake so a yaba masa a kai. Saƙon da muka ɗauka dogo ne, nan da nan ya ƙare. Mama tana kuka tana dariya tana cewa, “Haɗiye yawu mana, ɗan nan.”

Baba ya ce, “Sake sa shi.” Na sake. Ya ce in ƙara. Bayan na ukun ya juyo gare ni. Muryarsa ta yi ƙasa, irin yadda mutum ke tambayar likita.

“Babba, shi wancan da na aika fa? In ya sa shi a can, ba zai yiwu shi ma na'urarsu ta ɓata shi ba? Ya ji shi wani iri, ya ce ba ni ba ne?”

Na so in ce masa zai yiwu. Amma na gaji da abin da ba gaskiya ba a ɗakin nan. Na ce, “Baba, naka kaset ne. Lafiyarsa ƙalau. Yadda ka faɗa haka zai ji.”

A yammacin ya sake rufe zaure da rediyonsa. Wannan karon muna jin sa daga tsakar gida, yana farawa yana tsayawa, yana mayar da kaset baya yana sakewa. Kaset ɗin ya zauna a kan kabad yana jiran matafiyi har aka cire doya. Da aka samu mai tafiya aka ba shi, da yaji da ƙuli-ƙulin Mama. Bayan wata da watanni mutumin ya dawo mana da shi a cikin ledarsa, ba a buɗe ba. Ya ce mutanen wurin sun gaya masa yaron ya karɓi wani kaset daga gida, ya saurara shi kaɗai, a satin ya ajiye aiki ya yi gaba wajen bakin teku, bai bar wa kowa adireshi ba.

Baba ya karɓi ledar ya riƙe a cinyarsa. Ya ce, “Ai dama shi yaro ne mai jin magana.”